Wasan da Baƙo Kaɗai ke Ci

Shekarun baya, lokacin da nake karatun digiri na uku a Manchester, akwai wata tambaya da ta hana ni sakat, kuma ba ta cikin tambayoyin da aka turo ni in amsa. Tambayar ita ce, tsakanina da abokina, wa ya fi wani iya karta?

Na san yadda wannan magana za ta faɗa a kunnen wasu, don haka bari in yi bayani kafin a fara yi min wa'azi. Fannina ƙididdiga ne. Malamar da ke duba aikina, wata Baturiya mai furfura da ba ta son dogon surutu, ta daɗe tana bincike a kan yadda za a raba sa'a da gwaninta. Idan mutum ya yi nasara, wane kaso ne iyawarsa, wane kaso ne dace kawai? Ta ce babu inda wannan tambaya ta fi fitowa fili kamar a wasan kartar da ake kira poker, domin a can ɗan koyo yana iya cin gwani yau, ya sake cin sa gobe, sai an daɗe ana bugawa kafin gaskiya ta yi halinta. Ta ba ni tarin bayanan wasannin da mutane suka buga a intanet, ta ce in je in fahimce su. Ni kuwa ɗan malami ne, a gidanmu ko kwalin karta ba a taɓa gani ba. Da mahaifiyata ta tambaye ni a waya me nake karantawa, na ce mata lissafi ne. Ban yi ƙarya ba, amma ban ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Na yi makonni ina kallon alƙaluma ban gane komai ba. Mutum ba zai lissafa abin da bai taɓa riƙewa a hannu ba. Sai na kira abokina.

Shi a Birmingham yake a lokacin, karatu ne ya kawo shi kamar ni, injiniyan ruwa ne. Tun makarantar kwana muke tare, gadonsa a ƙasa nawa a sama, kuma tun can muke takara. Wannan zangon ya zo na ɗaya in zo na biyu, zango mai zuwa mu juya. Har muka bar makarantar ba a raba gardamar ba. Mutum ne mai sanyi, fuskarsa ba ta nuna komai, ko albishir ka yi masa sai ka ɗauka bai ji ba. Ni kuwa ba na iya ɓoye abu, idan na ji daɗi kowa a unguwa sai ya sani.

Da na gaya masa abin da nake so, sai ya ce, "Wato gwamnati ta biya maka scholarship ka zo Ingila ka koyi caca."

Na ce ba caca ba ce, bincike ne. Ya ce duk ɗan caca haka yake faɗa. Amma ya yarda, da sharaɗin ba za a sa kuɗi ba ko kwabo, ko irin na wanda aka ci ya sayi shayi ma babu. Na san akwai masu ganin ko babu kuɗi barin karta ya fi, kuma ban zo yin gardama da su ba, abin da ya faru kawai nake faɗa. Matarsa ce ta warware mana matsalar abin da za mu riƙa zubawa. An fito daga azumi ba da daɗewa ba, ta tara ƙwallayen dabino, ta wanke su tas ta shanya a kan hitar ɗumama ɗaki, ta zuba mana a gwangwanin madara tana cewa ta ga ikon Allah, dakta biyu da ƙwallon dabino.

Wasan kansa ba wuya a faɗa. Kowa ana ba shi karta biyu ya ɓoye, sai a riƙa buɗe wasu a tsakiya har su kai biyar. A kowane mataki, idan kana ganin kartarka ta fi, sai ka zuba ƙwallaye a tsakiya. Abokin wasanka ko ya zuba daidai da naka, ko ya ƙara, ko kuma ya janye, wato ya kife kartarsa ya bar maka duk abin da aka tara. An yarda ka yi burga, ka zuba da yawa alhali ba ka riƙe da komai, don ka tsorata shi ya janye. Kuma wanda ya janye ba dole ne ya nuna abin da ya kife ba. Kartar da aka kife ta tafi ke nan, babu mai sanin me ke cikinta sai mai ita.

Haka muka fara. Asabar ɗaya in je Birmingham, bayan mako biyu shi ya zo Manchester. Ina hawa motar safa da sassafe, in zauna kusa da taga ina kallon ruwan sama da tumaki har mu isa. Suna zaune a unguwar Aston, a wani ɗan flat na haya da ke saman shago, tun daga matakala nake jin ƙamshin daddawa. Matarsa takan yi tuwon shinkafa da miyar kuka, wani lokacin har da man shanun da wani ya taho musu da shi daga gida, tana zuba min tana tsokanata wai tuzuru sai an tausaya masa. Idan kuma shi ne ya zo wurina a unguwar Hulme, ɗakina guda ne a gidan haya da nake rabawa da wasu ɗalibai, abincin da na iya kuma bai wuce taliya da kifin gwangwani ba. Yakan cinye tas ya ce alhamdulillahi, bai taɓa cewa komai a kai ba.

Ba zan ɓoye ba, waɗannan Asabar ɗin su ne suka riƙe ni a ƙasar nan. Duk mako bakina Turanci yake yi, a ofis, a shago, a wurin likita, har a mafarki wani lokacin. Ranar Asabar ce kawai harshena ke hutawa. Mu shimfiɗa bargo a ƙasa, mu raba karta, mu yi gulmar malamanmu na sakandare, mu tashi mu yi azahar, kafin mu zauna da kyau la'asar ta yi idan lokacin sanyi ne. Duk hannun da muka buga kuma, wato kowane rabon karta, ina shigar da shi a kwamfuta: wa ya zuba nawa, wa ya janye, wa ya ci, a wane gari. Na ce masa don bincike ne. A raina kuwa na san so nake in raba gardamar da muka baro a makarantar kwana, wannan karon da hujjar lissafi wadda babu mai musa ta.

To amma akwai wani abu da nake yi wanda kwamfuta ba ta sani ba. Idan ya zo Manchester, ba na iya cin sa. Ga mutum ya tashi da asuba, ya bar iyalinsa, ya sha zaman mota cikin ruwa, ya ci taliyata bai yi ƙorafi ba, sannan in kwashe masa ƙwallaye in sallame shi hannu wofi? Hannuna ba ya yarda. Don haka idan yamma ta yi, tsakiya ta cika, sai in ɓata rai, in ja tsaki, in ce kai yau ba ranata ba ce, in kife kartata. Akwai ranar da sarakuna biyu na kife, kartar da kowane ɗan wasa ke addu'ar samu. Shi kuwa ya tattara ƙwallayensa da wannan fuskar tasa da ba ta motsi, ya ce Allah ya ba da sa'a gaba.

A Birmingham kuwa da gaske nake yi, kuma ci nake. Saboda haka a lissafin zuciyata abin ya fito sarai: na fi shi iya wasa, na kuma fi shi kara. Ina dawowa a mota ina jin kaina wani babban mutum, gwani mai tausayi. Kusan shekara biyu na yi ina wannan tafiyar da ƙirji a buɗe.

Sai karatunsa ya zo ƙarshe. Sharaɗin tallafin da aka ba shi shi ne da ya gama ya koma gida ya koyar, kuma shi ba mai neman hanyar zillewa ba ne. Ya gaya min a waya kamar yana ba ni labarin yanayi. Na ajiye wayar na zauna a bakin gado na daɗe ban motsa ba. Abin da na iya yi a ƙarshe shi ne abin da na saba, na buɗe kwamfuta. Na ce kafin ya tafi sai na miƙa masa sakamako.

Da na haɗa duka wasannin, mun tashi kusan kunnen doki. Ban damu ba, na san dalili, ai ni na ɓata na Manchester da hannuna. Sai na cire su gaba ɗaya na bar na Birmingham kaɗai, waɗanda nake ganin su ne na gaskiya. Sakamakon ya yi min daɗi ƙwarai. Kusan duk zuwan da na yi, ni na tashi da rinjaye. Na yi zanen abin, layina yana hawa sama kamar matakala. Daɗi ya ɗebe ni har na kai wa malamata a ƙarshen ganawarmu, wai in ba ta dariya, amma gaskiya yabo nake nema.

Ba ta yi dariya ba. Ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wasan 'yan koyo biyu ba ya fitowa haka. Ta tuna min abin da ni kaina nake koya wa 'yan aji ɗaya: a yini guda ba a buga hannu da yawa, sa'a ce ke mulki, ko gwanin duniya ya zauna da ɗan koyo yini ɗaya yana iya tashi an ci shi. Mutum ya riƙa ci kusan kowane zuwa kamar ka jefa kwabo ne sau goma a jere ya riƙa faɗowa ta fuskar da ka zaɓa, abin da kan faru sau ɗaya cikin fiye da dubu. Ta ce idan na ga irin haka, kafin in yi murna in fara duba kwabon.

Ta ce in ware mata wuraren da abokina ya janye. Na ware. Ta nuna min da bakin biro. Yawancinsu da yamma ne, kuma a manyan hannu, bayan ya riga ya zuba da yawa. Akwai inda ƙwallaye goma ke tsakiya, biyu kawai zai ƙara ya ga ƙarshe. A lissafi, ko sau ɗaya cikin shida yake sa ran ci, ya kamata ya zuba. Injiniya ne, ya san wannan ko cikin barci. Amma ya janye.

Sai ta ce ina sauran wasannin da na cire? Na buɗe mata na Manchester. Ta jera zanen biyu gefe da gefe. Ko makaho ya shafa zai gane, ɗaya hoton ɗaya ne a madubi. A Birmingham shi ke janyewa da yamma, a Manchester ni. Ta tambaye ni wa ke zaune a wane gari, na faɗa mata. Ta cire tabarau ta ce waɗannan mutane biyu ba poker suke bugawa ba, kowannensu ƙoƙari yake a ci shi a gidansa. Ta tambaya ko wata doka ce a ƙasarmu.

Na ce ba doka ba ce, babu ma wanda ya taɓa faɗar ta. Na so in yi mata bayanin kara, na fara, na ga Turancina ya ƙare a hanya. Ta ce ko ma mene ne abu ne mai kyau, amma kada in kuskura in sa shi a kundina.

A ƙafa na koma Hulme ranar. Da farko kunya ce ta kama ni, da na tuna yadda nake zama a falonsu ina kwasar ƙwallaye ina yi masa bayanin kuskurensa, har da ba shi shawarar ya riƙa lissafi kafin ya janye. Yana gyaɗa kai yana cewa to Dakta, an gode. Daga nan dariya ta kama ni a tsakiyar titi har wata mata mai kare ta tsallaka ɗaya gefen. Da na isa ɗaki na sake duba alƙaluman, na ga ya ma fi ni iya abin. Ni ina yi da tsaki da ɓata rai kamar ɗan wasan kwaikwayo. Shi kuwa yakan ci ƙananan hannu da rana don kada in yi zargi, wani zuwan ma ya bar kansa ya yi rinjaye kaɗan, sannan ya saki manyan a hankali. Wato ko a wajen barin wa juna ma takara muke, kuma a nan kam na ga wanda ya zo na ɗaya. Bayan dariyar sai na tuna saura kaɗan ya tafi.

Ban iya gaya masa ba. Irin wannan abu ba a faɗar sa. Da na ce masa na gano kana bar min, na kunyata shi, na kuma tona kaina, kuma duk Asabar ɗin da muka yi sai su koma wani abu dabam. Amma tambayata tana nan, ta ma fi da ƙarfi, domin yanzu na san a shekara biyu ba mu taɓa buga yini ɗaya na gaskiya ba. Sun riga sun fara ɗaure kaya, Asabar ɗaya ta rage mana. Na sani sarai yini ɗaya ba ya tabbatar da komai a lissafi. Duk da haka ina son in zauna gaban abokina sau ɗaya, ya buga da dukkan ƙarfinsa, in buga da nawa, ko da shi zai ci.

Sai dabara ta zo min, kuma a lokacin na ɗauka ban taɓa yin dabara mai kyau irinta ba. Idan matsalar mai masauki ce, to a je inda babu mai masauki. Na buɗe taswira na bi layin jirgin ƙasa tsakanin garuruwan biyu, na ga Stoke a wajen tsakiya. Ba garina ba, ba garinsa ba, babu wanda ya taɓa kwana a can a cikinmu. Na kira shi na ce flat ɗinsu duk kwalaye ne yanzu, kada a wahalar da Hajiya da girki, shi kuma ba shi da lokacin zuwa har Manchester, mu haɗu a tsakiya kawai.

Ya ce, "Stoke? Wa muka sani a Stoke?"

Na ce ba kowa.

Ya ce, "To. Allah ya kai mu."

Mun yi da shi za mu haɗu da rana tsaka a wani ɗan shagon shayi kusa da tasha. Na hau jirgin da zai kai ni da ɗan sauran lokaci, don in zaɓi teburi in natsu. Ina tura ƙofar shagon na hango shi a lungu, kusa da hita. Ya cire rigar sanyinsa ya rataye a bayan kujera, ya goge teburin, ya ajiye gwangwanin ƙwallaye da karta a gefe. Ga kofi biyu, ga wata 'yar kula da matarsa ta cika da masa. Ya riga ya roƙi mai shagon ta yarda mu ci abincinmu a ciki, har ya gano wani ɗan masallaci a bayan layin inda za mu yi azahar. Yana ganina ya miƙe, ya karɓi jakata ya ajiye, ya ja min kujera.

"Sannu da zuwa, mutumina. Ya hanya?"

Na tsaya ina kallonsa. Na tambaye shi yaushe ya iso, ya ce bai daɗe ba. Mai shagon da ta kawo shayi ta ce min abokin nan nawa tun tana buɗe ƙofa ta same shi a tsaye a waje.

Na zauna, raina a ɓace, kuma ina son in rungume shi, duka a lokaci guda. Muka ci masa, muka je muka yi salla, muka dawo ya raba karta. Sai na ɗauki taurin kai. Na ce a raina tunda haka ne, ni ma ba zan ci ba. Ya zuba in janye, in zuba ya janye. Muka daɗe a haka, ƙwallaye na zuwa suna dawowa, babu wanda tulinsa ya motsa. Wani dattijo a teburin kusa da mu ya ajiye jaridarsa yana kallonmu, na tabbata bai taɓa ganin 'yan karta masu gudun nasara irinmu ba. Can abokina ya ce idan ba wasa na zo yi ba mu tashi mu zaga gari. Na ce a raba.

Muka ɗan buga kamar gaske, muna hira. Ya ba ni labarin gidan da jami'a ta ce za ta ba shi, wanda ya ji an ce rufinsa na yoyo. Na ce ai injiniyan ruwa aka ba, sun san abin da suke yi. Muka yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Babu wanda ya ambaci ranar tafiya.

Da hasken waje ya fara raguwa muka ce hannu na ƙarshe. Na ɗaga kartata na ga bakwai da biyu, masu launi dabam-dabam, wadda duk masu lissafin wasan suka yarda tana cikin mafi muni da za a ba mutum. Abin da aka buɗe a tsakiya ma bai taimake ni da komai ba. Sai na ga hanyata. Na tura dukkan ƙwallayena tsakiya. Ya riga ya zuba da yawa, abin da ya rage masa kaɗan ne, kuma kusan duk abin da yake riƙe da shi ya fi nawa. Babu lissafin da zai ba shi izinin janyewa. Dole ya zuba, ya ci, ya tafi gida da nasara, ni ma in samu nawa rabon na kara.

Ya dubi kartarsa, ya dube ni. Ya daɗe. Sannan ya kife ta a hankali ya turo min tulin.

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan kartar tasa ba. Ya ɗora nasa a kai.

Na ce, "Bari in gani. Sau ɗaya dai, don Allah."

"Haba Dakta. Ka zo wurina kuma ka hau yi min bincike?"

"Nan ba wurinka ba ne. Stoke ce fa. Babu wanda ya san ka a garin nan."

Ya zare kartar daga ƙarƙashin hannuna, ya cusa ta cikin sauran, ya gauraya. Ya ce, "Na riga ka zuwa."

Iyakar abin da aka taɓa faɗa a kan maganar ke nan tsakaninmu, daga ranar har yau.

A tasha, jirginsa ne ya fara zuwa. Na ɗauki kular na miƙa masa, na ce ya hau. Ya ce akwai wani a baya. Muna tsaye jirgin ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya tafi. Ya tsallako tare da ni zuwa ɓangaren da nawa zai tsaya, yana riƙe da jakata, don a ganinsa ba a barin baƙo ya tafi ba rakiya. Da jirgina ya iso ya ba ni hannu ya ce mu yafi juna, Allah ya sada mu da alheri. Ni mai surutu, ranar amin kawai na ce. Na shiga na zauna, ina ganinsa ta taga a tsaye da kula a hannu, fuskar nan kamar kullum, har muka sha kwana.

Yanzu shekaru sun wuce. Yana can yana koyarwa, yara sun ƙaru, furfura ta fara fito masa. Ni na gama, na samu aiki, na zauna a Manchester. Muna waya, kuma duk wayar sai ya tambaye ni yaushe zan zo. Na san idan na je baƙo nake, ya san na sani. Shi kuma zuwa nan ya yi masa wuya. Na taɓa zama na lissafa yawan hannun da za mu buƙata, da a ce da gaske muke bugawa, kafin a iya cewa wane ya fi wane tsakanin mutum biyu da ƙarfinsu ya yi kusa. Amsar ta nuna sai mun tsufa muna haɗuwa duk Asabar. Da na ga haka ban ji haushi ba. Na ce a raina da an ba ni wannan zaɓin da na karɓa da hannu biyu.

Kundina ya yi kyau, an yaba, kuma har yau raba sa'a da gwaninta ne abincina. Wani lokacin nakan buga da manhajar kwamfuta, wadda ba ta san baƙo ba, ba ta san mai gida ba. Ta gaya min matsayina ba tare da kunya ba: ɗan tsaka-tsaki ne ni, ba gwani ba. Na karɓa. Ƙasar nan haka take, kuma ban ce laifi ba ne, kowa yana buga kartarsa da gaske, abin da ka samu naka ne, abin da ka rasa ma naka ne. Na daɗe ina cewa irin wasan da nake so ke nan. Ga shi na samu, kullum shi nake bugawa.

Amma wallahi ina kewar abokina. Tun ranar da na baro shi a tashar nan, duk abin da na ci da gumina na ci shi. Babu wanda ya sake tashi da asuba don kawai ya bar min.